Wankan ruwan sanyi da ciwon suga: an bar jaki ana dukan taiki

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya sanyi? Don Allah a ɗan ba ni fili in yi tsokaci kan wata magana da ta ishe mu a WhatsApp tunda hunturun nan ya kama, wato cewa wai wanka da ruwan sanyi ƙarara da asuba yana narkar da teɓa kuma yana maganin ciwon suga. Bidiyo wajen huɗu aka turo min, a guruf ɗin 'yan uwa da na tsofaffin ɗalibai, duk dai abu ɗaya ne, wani Bature daga shi sai gajeren wando ya tsunduma cikin baho cike da ƙanƙara, sannan wani ya ɗora murya da Hausa yana cewa likitoci ne suka ɓoye mana sirrin don su ci gaba da sayar da ƙwaya. Da farko dariya na yi na wuce, to sai ga abin ya shigo mana har cikin gida.

Yayana da nake bi yana da shago a kasuwa, shekararsa tara da suga ga kuma hawan jini, mutum ne mai jiki sosai. Ashe ya ga bidiyon ya ɗauka, kullum kafin kiran assalatu sai ya ɗebi ruwan randar da ta kwana a tsakar gida ya sheƙa a jikinsa, kuma ya ajiye maganinsa bai faɗa wa kowa ba. Kwana takwas ana haka matarsa ta kira ni tana salati, wai ta same shi zaune a bakin bayi ya dafe ƙirji yana cewa jiri yake gani. Da na je na tarar an lulluɓe shi da bargo biyu leɓensa sai rawa yake, muka gwada sugan da ɗan injinsa ya haura 300. Nace Yaya wa ya ce ka ajiye magani? Sai yace kai dai ɗan boko, ba Turawan naku ne suka gano ba? Wallahi ban ba shi amsa a lokacin ba, asibiti muka nufa, amma maganar ta tsaya min a rai don ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a nan Zariya, kuma ni kaina ba tsira na yi ba, kilo 104 gare ni a bara kuma likita ya riga ya gaya min ina bakin gaɓar kamuwa da suga.

Na zauna na bi diddigin abin, kuma gaskiya Yaya bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai bincike. Sai dai abin da binciken ya nuna daban, abin da mai bidiyo ya faɗa daban.

Bari in fara da asalin matsalar don da yawanmu sai suga ya kama mu muke jin sunan insulin, muna ɗauka allura ce kawai. Insulin jikinka ne yake yin sa, a wata 'yar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi ana ce mata fankiriyas. In ka ci tuwo ko shinkafa ko burodi, duk suga suke komawa su shiga jini, shi kuma sugan kamar kaya ne aka sauke a bakin shago, insulin shi ne yaron da yake zuwa ya yi sallama da mai shago ya buɗe a shigar da kayan. Babban shagon kuwa shi ne tsoka, don wajen kashi 80 cikin ɗari na sugan da insulin yake kwashewa daga jini tsoka ce take karɓa. To in mutum ya tara kitse, musamman na ciki wanda yake naɗe hanji ya kwanta a hanta har ya kutsa cikin tsokar kanta, sai mai shago ya fara kunnen ƙashi, a yi sallama sau ɗaya shiru, sau biyu shiru, sai an turo yara biyar suna buga ƙofa kafin ya buɗe rabi. Wannan shi ne bijirewar jiki ga insulin. Fankiriyas ta yi ta ninka aiki shekara da shekaru, kana gwada suga kana ganin lafiya lau kana murna, alhali ita can tana jin jiki, ranar da ta gaji sai a ce maka ka kamu kamar daga sama.

Akwai alamar da muke gani kullum ba mu san ta ba. Bayan wuya ya yi baƙi ya yi kauri kamar karammiski, haka hammata. Ni kaina uwargida ta sha cewa Malam wuyan nan naka kamar ba ka sa soso, har dutsen goge kaushi ta taɓa miƙo min, na dirza har ya yi zafi bai fita ba. Ashe ba dauɗa ba ce, yawan insulin ne a jini yake sa fatar ta yi haka. Da aka gwada ni da safe ban ci komai ba aka samu 112, likita yace daga 100 zuwa 125 ana kan hanya ne, daga 126 in aka maimaita aka sake samu to an shiga. Sannan ya ba ni wata dabara ta kyauta, ka sami zare ka auna tsawonka daga kai zuwa ƙafa, ka ninke shi gida biyu ya koma rabi, ka zagaya cikinka da shi, in bakin zaren bai haɗu ba to kitsen cikin ya yi yawa. Nawa ko kusa bai yi ba, sai da ya rage wajen taƙi guda.

To yanzu maganar sanyi. Kitse iri biyu ne a jikin mutum, akwai fari wanda muka sani, shi rumbu ne kawai, ajiya yake yi, akwai kuma mai ruwan ƙasa wanda shi murhu ne, yana ƙona suga da mai don ya samar da ɗumi. Jarirai suna da shi da yawa a tsakanin kafaɗunsu tunda su ba su iya rawar ɗari sosai ba. An daɗe ana ɗauka in mutum ya girma yake ɓacewa, sai a 2009 masu bincike a Holan da Finlan da Amurka suka nuna manya ma suna da shi a gindin wuya da saman kafaɗa, kuma sanyi ne yake tashinsa. Daga nan fa aka yi ta ɗoki, ana ganin an samu hanyar rage ƙiba ba tare da gumi ba. Abin da mai bidiyo bai faɗa ba shi ne tun a wannan binciken na Holan an ga cewa masu ƙiba su ne suka fi ƙarancinsa, a na Amurka kuma an ga yana raguwa in shekaru sun ja. Kaga kenan irinmu da Yaya da muka fi buƙatar murhun mu ne namu ya fi zama ƙarami.

A 2014 a Amurka an sa samari biyar, lafiyayyu marasa ƙiba, suna kwana a ɗaki mai digiri 19 tsawon wata guda, kitsen nan mai ruwan ƙasa ya ƙaru kuma jikinsu ya ɗan fi jin insulin bayan cin abinci. Amma da aka mayar da ɗakin digiri 27 sai ribar ta gudu. Na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai, nace to mu da sanyinmu na wata biyu zuwa uku ne, daga Maris bazara ta danno da digiri 40, ina labari?

Wanda ya fi tashe shi ne na jami'ar Mastirit a Holan a 2015, kuma ina kyautata zaton daga shi aka tsinto maganar. Maza takwas masu ƙiba da ciwon suga aka zaunar a ɗaki mai digiri 14 zuwa 15, da gajeren wando da 'yar shat, kwana goma, har awa shida a rana. A ƙarshe yadda jikinsu yake jin insulin ya ƙaru da wajen kashi 43 cikin ɗari, wanda ba ƙaramin abu ba ne. To amma a lura, mutum takwas ne, kuma iska ce mai sanyi ba ruwan ƙanƙara ba, awa shida ba minti biyu ba, likitoci na tsaye a kansu. Kuma ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina, da suka duba sai suka ga kitse mai ruwan ƙasan da ake ta yi wa kirari ɗan motsi kaɗan ya yi, canjin a tsoka aka same shi. Akwai wasu 'yan ƙofofi da ake kira GLUT4 da suke ɓoye a cikin ƙwayar tsoka, su ne suka fito waje suna shigar da suga.

Masu binciken ba su tsaya nan ba, suka sake gwadawa da wasu masu suga su tara a digiri 16 zuwa 17, wannan karon aka hana su rawar ɗari, da an ga mutum zai fara karkarwa sai a ƙara masa sutura. Sakamakon ya fito a 2021, babu wani canji a jin insulin. Sai suka juya ta ɗaya ɓangaren, suka sami masu ƙiba 15 aka sa musu wata riga mai bututun ruwa a jiki tana sanyaya su har sai sun yi makyarkyata ta awa guda kullum, kwana goma, a nan kuma aka ga sugansu ya gyaru, wannan a 2024 aka buga shi. Malam Edita ka haɗa ukun nan ka gani. In an ji sanyi an yi rawar ɗari akwai riba, in an ji sanyi ba a yi ba babu. Ita kuwa rawar ɗari mece ce in ba tsoka tana motsi ba? Ashe sanyin ma da ake ta yabo, aikinsa kawai ya tilasta wa tsoka ta motsa, abin da kai da kanka za ka iya sa ta da ƙafafunka ba tare da haƙoranka sun haɗu ba.

Don tsoka in tana aiki ba ta jiran sallamar insulin, da kanta take fito da 'yan ƙofofin nan ta ja suga daga jini, shi ya sa ko wanda jikinsa ya yi nisa a bijirewa in ya yi tafiya mai ɗan sauri sugansa yana sauka. Bayan an gama ma jikin yana ci gaba da jin insulin da kyau na kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan ya fara komawa gidan jiya, dalilin da ya sa likitocin suga suke cewa kar a haɗa fiye da kwana biyu a jere ba a motsa ba. Masu zuwa filin ƙwallo ranar Asabar kaɗai su yi gumi sharkaf sannan su zauna kwana shida, su ji wannan.

Kuma shi motsa jiki ba a kan mutum takwas ko sha biyar aka gwada shi ba. A garin Da Cin na ƙasar Sin an bi mutum 577 da suke bakin gaɓa tun daga 1986 tsawon shekara shida, waɗanda aka sa su motsa jiki kaɗai haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 46 cikin ɗari. A Amurka an yi wanda ya fi shi girma da mutum 3,234, sakamakon ya fito a 2002, aka raba su, wasu aka ba su ƙwayar maganin suga ta metformin, wasu aka ce su yi tafiyar minti 150 a sati su kuma rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu. Cikin wajen shekara uku masu ƙwaya haɗarinsu ya ragu da kashi 31, masu tafiya da gyaran ci kuwa kashi 58, a cikin waɗanda suka kai shekara 60 ma har kashi 71. Kashi 7 ɗin nan in ka lissafa a jikina kilo bakwai ne da ɗoriya, ba wai sai na koma kamar ɗan tsere ba. Minti 150 kuma rabin awa ne sau biyar a sati, shi ne dai mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa babba ya yi, tare da aikin ƙarfi sau biyu a sati.

Wanda ni ya fi yi min amfani ɗan ƙarami ne, daga jami'ar Otago ta Niyu Zilan a 2016, masu suga 41. An kwatanta tafiyar rabin awa a kowane lokaci da tafiyar minti goma-goma bayan kowane cin abinci, sai ta bayan abincin ta fi sauke suga, musamman bayan na dare. Mu kuwa abincin darenmu shi ne mai nauyin, malmala biyu ta tuwon masara ko shinkafa da miyar kuka, a sha ruwa a miƙe a kan tabarma da rediyo ko waya sai barci. Abin da na canza kenan. Ina cin tuwo bayan magariba, sai in ƙi masallacin ƙofar gida in taka zuwa wani da ke can bakin titi don isha'i, minti goma sha biyu zuwa, goma sha biyu dawowa, ga lada ga magani. Makaranta kuma na daina hawa babur har ƙofa, ina ajiye shi a gidan wani abokina in ƙarasa da ƙafa, ɗalibai har tsokanata suke wai Malam mai ya ƙare ne. Shayin safe na rage suga daga cokali huɗu zuwa ɗaya, lemon kwalba na bar shi sai biki. Wata bakwai kenan, kilo 96 nake yanzu, gwajin safe yana zama tsakanin 95 da 100, baƙin wuyan ma ya fara washewa ba tare da dutsen uwargida ba. Zaren dai har yau bai haɗu ba amma saura yatsa uku.

Abin haushin shi ne hunturu shi ne lokacin da ya fi daɗin tafiya a ƙasarmu, ba zufa ba jin kamar za ka faɗi, da asuba yakan sauko wajen digiri 13 zuwa 15 a Kano da Zariya, a Jos ma ya fi haka sauka, wato dai kusan irin sanyin da Turawan Holan suka kunna inji suka samar mu Allah ya ba mu kyauta. Amma a lokacin ne muke ƙudundunewa, a yi sallar asuba a koma bargo, a zauna gindin mai shayi a sha kauri da burodi da ƙwai, da yamma kunu da ƙosai, dare ya yi a kewaye kasko. Wanda zai fita da hantsi ko bayan la'asar da 'yar rigar sanyi marar nauyi ya yi tafiyarsa ai ya haɗa biyun kenan, sai dai mai asma ko ciwon ƙirji ya sa takunkumi saboda ƙura.

Shi kuwa sheƙa ruwan sanyi lokaci guda wani abu ne daban. Da ya taɓa fata numfashi yake fizgewa, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, zuciya ta shiga bugu da ƙarfi, saurayi mai lafiya zai iya shanyewa amma mai shekara hamsin da ƙiba da hawan jini da suga, wanda wataƙila hanyoyin jinin zuciyarsa sun riga sun ƙuntata bai sani ba, wasa yake da ransa. Ga wata kuma da ba a faɗa, mai suga da ya daɗe ƙafarsa takan mutu ba ya jin zafi ba ya jin sanyi sosai. Akwai wani kawunmu, Allah ya jiƙansa, da ya miƙa ƙafa gaban kaskon gawayi yana jin ɗumi ana hira, sai ƙauri aka ji, shi bai ji komai ba, gyambon nan wata biyar ana wanke shi. To wanda ya yi wankan randa yana karkarwa ina zai nufa in ba gaban wuta ba? Ga faso da hunturu yake kawowa a dunduniya, wanda a ƙafar mai suga ƙofar ciwo ce, a riƙa shafa mai ana duba tafin ƙafa kullum, tafiyar ma da takalmi rufaffe da safa za a yi ta ba silifas ba. Masu allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide kuma su sa dabino biyu uku a aljihu in za su fita don sugan yana iya faɗuwa ƙasa, kuma su gaya wa likitansu sun fara motsa jiki ko zai gyara musu awon maganin.

Ba zan rufe ba sai na taɓo mu da kanmu, don har yanzu in mutum ya yi tumbi cewa ake ya samu hutu, in ya rame a fara tambaya ko lafiya. Ni da na rage kilo takwas sai da wata gwaggona ta ja ni gefe tace ɗan nan ko wani abu ne yake damunka a gidan? 'Yan mata kuma ana ta shan sha-ka-fashe don a ciko kafin biki, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin nan irinsu dexamethasone kai tsaye suke sa jiki ya bijire wa insulin. Iyayenmu mata da suka yi daka da surfe da jan ruwa a rijiya ba su san wani abu wai shi atisaye ba amma tsokarsu kullum a buɗe take, yanzu inji ya karɓi niƙa, famfo ya karɓi guga, adaidaita sahu ya karɓi ƙafa, ba a kuma kawo komai a madadinsu ba. Matar da ba ta fita za ta iya zagaya tsakar gida minti goma bayan cin abinci, ko ta riƙa tashi da zama a kan kujera sau goma sha biyar, cinya ce babbar tsokar jiki.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku samo likitan suga daga asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Malam Aminu Kano ya yi bayanin nan a shafinku na lafiya kafin sanyin ya wuce, ku kuma yanka shi gajere a sa a murya yadda zai yi yawo a waya, don su Yaya ba jarida suke karantawa ba, abin da aka turo musu suke saurara. Shi dai alhamdulillahi an sallame shi bayan kwana biyu, ya koma kan maganinsa, ana dafa masa ruwan wanka. Jiya na bi ta gidansa bayan magariba nace Yaya taso mu taka zuwa masallacin bakin titi, yace gwiwarsa, nace to mu je na tsakiya, ya yi tsaki ya ɗauko hularsa.

Naku,
wani malamin makaranta daga Zariya